Abin da Ƙasar Auduga Ta Rubuta

A shekarar 1917 wani ɗan jarida mai kaifin alƙalami daga birnin Baltimore, H. L. Mencken, ya rubuta wata maƙala da ta ta da ƙura a Amurka. Cewa ya yi Kudancin ƙasar kaf, in dai batun adabi da fasaha ake yi, fayau yake kamar hamadar Sahara: ba mawaƙin kirki, ba marubucin a-zo-a-gani, ba masu karatu. Mutanen Kudu suka yi masa ca, jaridunsu suka shekara da shekaru suna jifansa da baƙaƙen maganganu. In littattafan da aka buga kaɗai za a ƙidaya, zancensa bai rasa ƙamshin gaskiya ba. Inda ya kauce hanya shi ne da ya ɗauka duk inda babu maɗaba'a, to babu zance. Kafin a cika shekara 30 da fitar maƙalar, jiha guda tak daga Kudun, wato Misisipi, wadda kusan ta fi kowace jiha talauci da ƙarancin makarantu, ta fitar da William Faulkner da Richard Wright da Eudora Welty da Tennessee Williams. Ba a gane yadda aka yi haka sai an koma baya, zuwa ga ƙasa da auduga da bauta da yaƙi.

Adabin Amurka na farko ɗan Arewa maso Gabas ne. Turawan da suka fara sauka a Massachusetts daga 1620 masu tsananin riƙon addini ne, aƙidarsu kuma ta wajabta wa kowa ya karanta Baibul da idonsa. Shi ya sa tun 1636 suka kafa kwalejin Harvard, a 1647 kuma suka yi dokar da ta tilasta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin koyar da yara. Al'ummar da ta tashi a haka, mai yawan tuhumar zuciyarta da tsoron zunubi, littattafai masu kama da ita ta haifa. Nathaniel Hawthorne na garin Salem, wanda ɗaya daga cikin kakanninsa ya zauna cikin alƙalan shari'ar maita ta 1692, ya ƙare rayuwarsa yana rubutu kan laifin da ake ɓoyewa da kunyar da ake gada. Emerson da Thoreau na garin Concord masu wa'azi ne da alƙalami. Mujallu da kamfanonin ɗab'i kuwa suna Boston da Niyok, su ke cewa wannan adabi ne, wancan ba adabi ba ne.

Wanda ya fara tsaga wannan katanga mutumin bakin kogi ne. Mark Twain ya girma a Hannibal, wani ɗan gari a gaɓar kogin Misisipi cikin jihar Missouri, inda ake riƙe da bayi, ya kuma yi aikin tuƙin jirgin ruwa har yaƙin basasa ya tsayar da zirga-zirga a kogin. A littafinsa Huckleberry Finn, da ya fito a Amurka a 1885, ya danƙa labarin gaba ɗaya a bakin wani yaro ɗan gidan mashayi, wanda bai yi makarantar kirki ba, yana bin kogi a guje tare da wani bawa mai suna Jim. Turancin littafin na bakin kogi ne, da karyayyun kalmominsa da komai. A shekarar nan hukumar ɗakin karatu na Concord ta sauke shi daga kanta, wai harshen 'yan tasha ne. Amma aikin gama ya gama. An riga an ga cewa bakin talaka ma yana iya ɗaukar babban littafi.

Ita kuwa jihar Misisipi, tun fil azal ƙasar ƙabilun Choctaw da Chickasaw ce. Injin gurzar auduga da Eli Whitney ya ƙera a 1793 shi ya jawo musu. Da masaƙun Ingila suka shiga haɗiye duk audugar da aka kai musu, sai idon Turawa ya faɗa kan wannan ƙasa mai albarka. Da yarjejeniyoyin 1830 da 1832 aka raba ƙabilun biyu da gonakinsu, aka kora mafi yawansu yamma zuwa inda ake kira Oklahoma yanzu, da dama suka mutu a hanya. 'Yan kaɗan suka ƙi tashi, sauran kuma sunayen da suka raɗa wa koguna da garuruwa ne suka saura a madadinsu: Tallahatchie, Yalobusha, Pontotoc.

Gurbin da suka bari da bayi aka cike shi. Tsakanin 1790 da 1860 an kwashe bayi kusan miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa sababbin gandayen auduga, wasu a jirgin ruwa, wasu a ƙafa cikin mari, ana raba uwa da ɗanta a kasuwar Natchez da ta New Orleans. A ƙidayar 1860 bayin Misisipi sun haura 436,000, wato kashi 55 cikin ɗari na mutanen jihar. Yayin da Massachusetts ke tilasta wa gari ya ɗauki malami, dokar Misisipi bulala ta tanada wa bayin da aka kama sun taru don koyon karatu.

Ba wai dukkan bayin jahilai ba ne. Abdurrahman Ibrahima, ɗan sarautar Fulanin Futa Jallon, ya yi shekara 40 yana bauta a wani gandu kusa da Natchez, kuma wasiƙar da ya rubuta da Larabci ce ta zama sanadin 'yanta shi a 1828. Akwai ma wanda ya fi shi kusa da mu, Muhammad Ali ɗan Sa'id, haifaffen Kukawa ta Borno, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetara da shi hamada zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya isa Amurka yana ɗa, ya shiga sojan jihohin Arewa lokacin yaƙin basasa, ya koyar a makarantun Kudu, sannan aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Memphis a 1873. Mutumin da ya ƙetare Saharar gaske da ƙafarsa ya riga Mencken fitar da littafi a Kudun da shekaru masu yawa. Amma irin waɗannan ɗaiɗaiku ne. Mafi yawan bayi, da aka hana su takarda, sai suka adana komai a baki: waƙoƙin aiki masu amshi, tatsuniyoyin zomo mai wayo da suka taho da su daga Afirka, wa'azin coci inda mai wa'azi ke jefawa jama'a na cafewa, da labarin Annabi Musa da Fir'auna wanda suka san da su yake.

Sai yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Birnin Vicksburg ya faɗi ranar 4 ga Yuli 1863 bayan kwana 47 na ƙawanya, aka ƙone garin Oxford a 1864. Farar fatar Kudu suka ɗanɗani abin da sauran 'yan'uwansu na Amurka ba su sani ba: an ci su da yaƙi, sojan wani ya zauna a garinsu, dukiyar da suke taƙama da ita, wato mutane, ta tashi ta yi tafiyarta. Wanda aka kayar ba ya rabuwa da ba da labarin kokawar. Da yamma in zafi ya lafa, sai a fito baranda, irin yadda ake hira a zaure bayan isha'i, tsofaffi su yi ta maimaita yadda kaka wane ya faɗi a fagen daga, da yadda aka binne cokulan azurfa a bayan gida, yara na zaune suna sha. A cikin wannan hira aka wanke bauta tas, aka mai da ita zaman mutunci tsakanin ubangida da bara. A waje kuwa, tsarin mulkin jihar na 1890 ya ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a da harajin zaɓe da jarrabawar karatu, noman kashi-mu-raba ya ɗaure su da bashin mai gandu shekara bayan shekara, kuma bisa ƙididdigar cibiyar Tuskegee, baƙar fata fiye da 500 ne gungun mutane suka kashe ba shari'a a Misisipi tsakanin 1882 da 1968. Babu jihar da ta kai ta.

A wannan baranda William Faulkner ya tashi. An haife shi a 1897, ya girma a Oxford, cikin tuddan jar ƙasa na arewacin jihar. Kakan mahaifinsa kanar ne a yaƙin, ya shimfiɗa layin dogo, ya rubuta littafi, daga ƙarshe tsohon abokin kasuwancinsa ya harbe shi a bainar jama'a a garin Ripley a 1889. Wadda ta rene shi kuma, Caroline Barr, cikin bauta aka haife ta, ita ma da nata labaran. Yaro ya tashi da kunne biyu, kowanne na jin nasa tarihin. Da farko ya so ya zama mawaƙi irin na Turai, littattafansa biyu na farko ma ba su da alaƙar kirki da gida. Marubuci Sherwood Anderson, da suka haɗu a New Orleans a 1925, shi ya ba shi shawarar ya koma ya rubuta ɗan yankin da ya sani.

Ya kuwa koma. Ya ƙirƙiri gunduma ya sa mata sunan Chickasaw, Yoknapatawpha, ya yi mata hedikwata mai suna Jefferson, har taswirarta ya zana, ya zuba mata iyalai: manyan gidajen da suka karye, talakawan tudu masu alfadari ɗaya, 'yan kasuwa masu haɗama da ke hawowa, da baƙar fatar da ke ɗauke da kowa. A 1929 yana aikin dare a gidan wutar jami'ar garin ya rubuta As I Lay Dying cikin kusan mako 6. Labarin wasu talakawa ne da suka ɗora gawar uwarsu a keken alfadarai za su kai ta garinsu, ambaliya ta tare su, gobara ta tare su, ungulaye na biye. Bakuna 15 ne ke ba da labarin, har da na mamaciyar.

Masu karatu kan yi kukan cewa jimlolin Faulkner ba su da iyaka, kuma yana fara labari daga tsakiya. A ganina wannan ba ƙyale-ƙyale ba ne, haka ake ba da labari a inda kowa ya riga ya san kowa. Ba a gabatar da mutum, sai dai a tuno kakansa. Ana cikin zancen bana sai a zarce shekara 50 baya, don a wurinsu abin bai wuce ba. A Absalom, Absalom! na 1936, wanda nake ganin ya fi duka, wani baƙo mai suna Thomas Sutpen ya sauka gundumar a 1833, ya karɓe ƙasa mai faɗin gaske daga hannun Chickasaw, ya sa bayi suka gina masa katafaren gida, yana son kafa zuriya. Abin da ya rushe gidan shi ne ƙin amsa ɗansa na fari, saboda ana zaton akwai ɗigon jinin baƙar fata a jikinsa. Babu wanda ya san labarin duka. Wata tsohuwa mai ɗacin rai ta ba da nata, wani uba ya ba da nasa, sauran kuma wani saurayi ɗan Misisipi da abokin ɗakinsa ɗan Kanada suka harhaɗa a wani dare mai sanyi a Harvard. Faulkner ya ɗauki salon barandar da aka yi amfani da shi wajen rufe laifi, ya tona laifin da shi.

Garinsu bai gode masa ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1940 kusan duk littattafansa sun ɓace daga kasuwa, sai da wani tarin zaɓaɓɓun rubuce-rubucensa da Malcolm Cowley ya shirya a 1946 ya farfaɗo da shi, aka ba shi kyautar Nobel ta 1949. Amma ƙasar da ta ba shi ido ita ta yi masa iyaka. Baƙaƙen da ke littattafansa masu haƙuri ne da juriya, ana ganinsu daga ƙofar kicin, ba kasafai ake shiga cikin ransu ba. Da rikicin haɗa makarantun farar fata da baƙar fata ya taso a 1956, kira ya yi a bi a hankali, marubuci baƙar fata James Baldwin kuma ya mayar masa da martani mai zafi, yana tambayar har yaushe mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna jira za su ƙara jira.

Abin da Faulkner bai iya gani ba, Richard Wright a cikinsa aka haife shi, a 1908, a wani gandu kusa da Natchez. Ubansa manomin kashi-mu-raba ne da ya gudu ya bar su, uwarsa malamar makaranta ce da shanyewar jiki ta kwantar. Ya yi zaman gidan marayu. Farar fata sun kashe mijin innarsa a Arkansas don suna ƙyashin kasuwancinsa, iyalin suka tsere cikin dare ko jana'iza ba su tsaya ba. A gidan kakarsa a Jackson, mai tsananin addini, littafin ƙagaggen labari aikin Shaiɗan ne. Yunwa kuwa, yunwar ciki ta gaske, ita ce abokiyar tashinsa.

Yana ɗan shekara 18 ko 19, yana aikin aike a wani kamfanin tabarau a Memphis, ya ga jaridar garin ta yi wa wani Mencken wankin babban bargo. Abin ya ɗaure masa kai: me farar fata zai faɗa har 'yan'uwansa su tsane shi haka? Ɗakin karatun birnin ba ya ba baƙar fata aron littafi. Sai ya roƙi wani abokin aiki, ɗan Katolika mai tushen Ailan wanda shi ma ba a cika sonsa a wurin ba, ya ara masa katinsa. Ya rubuta 'yar takarda da hannunsa kamar daga mai katin, wai a ba yaron nan littattafan Mencken ya kawo masa. A daren ya gano cewa ana yaƙi da kalmomi. A 1927, shekarar babbar ambaliyar da ta raba mutum sama da 600,000 da gidajensu a kwarin kogin, ya hau jirgin ƙasa zuwa Shikago, ɗaya daga cikin baƙar fata kimanin miliyan 6 da suka bar Kudu tsakanin shekarun 1910 da 1970.

Rubutun Wright ba ya zagaye-zagaye. Jimla gajera, mai nauyi, ta wanda ba shi da kakan da zai yi taƙama da shi, ba shi kuma da lokacin hira. Native Son na 1940, wanda ya sayar da kwafi sama da 200,000 cikin mako 3, a Shikago yake faruwa, a ɗaki guda mai ɓeraye, amma saurayin da ke cikinsa daga Misisipi aka kawo shi, da tsoronsa da fushinsa. Da Black Boy, tarihin yarintarsa, ya fito a 1945, sanatan Misisipi, Theodore Bilbo, ya miƙe a majalisar dattawa ya la'ance shi.

A nan akwai wata gardama da ta cancanci a tsaya a kanta. Wright bai ga wani abin so a rayuwar baƙar fatar Kudu ba, kufai ya gani. Marubuciya baƙar fata Zora Neale Hurston kuwa taska ta gani. Ta bi ƙauyuka tana tattara tatsuniyoyi da waƙoƙi, ta rubuta littafinta na 1937 da zallar harshen mutanenta, Wright ya soke ta cewa tana nishaɗantar da farar fata ne. Na daɗe ina ganin ba ra'ayi ne ya raba su ba, gari ne. Hurston a Eatonville ta jihar Florida ta girma, garin da baƙar fata suka kafa suke mulkin kansu tun 1887, mahaifinta ma ya yi magajin garin, ta tashi tana jin manya na zuba zance a barandar kanti ba mai tsawata musu. Wright kuma inda ya tashi, kallo ɗaya na iya jawo kisa. Kowannensu gaskiyar garinsu ya faɗa. A shekara ɗaya suka rasu, 1960, shi a Faris inda ya yi ƙaura, ita a Florida cikin talauci, kabarinta ba ko alama sai da marubuciya Alice Walker ta nemo wurin a 1973.

A Jackson ɗin da Wright ke kwana da yunwa, akwai wata yarinya farar fata da ya girme ta da shekara ɗaya, Eudora Welty, 'yar wani babban ma'aikacin kamfanin inshora. Ita tun tana ƙarama uwarta ta kai ta ɗakin karatun garin ta ce a ba ta abin da take so. Ba su taɓa haɗuwa ba. Welty mai kunne ce. Ta tashi tana sauraron hirar mata, a shekarun 1930 kuma aikin gwamnati ya zaga da ita lungunan jihar da kyamara a hannu. Gajerun labaranta cike suke da masu gyaran gashi da ma'aikatan gidan waya da 'yan talla, kuma a ɗaya daga cikin mafi kyawunsu wata tsohuwa baƙar fata ce ke takawa ta daji zuwa Natchez don karɓo wa jikanta magani. An zarge ta da yin shiru kan zalunci. Amma da aka harbe jagoran neman 'yanci Medgar Evers a ƙofar gidansa a Jackson ranar 12 ga Yuni 1963, nan take ta zauna ta rubuta labari da muryar makashin, tun ba a san ko wane ne ba. Da aka kama mutum, sai da aka sauya wasu bayanai kafin mujallar New Yorker ta buga, don kada labarin ya shafi shari'a. Ba duba ta yi ba. Ta san irin bakin da zai yi wannan magana, don a cikinsu ta girma. Shi kuwa makashin, sai 1994 aka same shi da laifi.

Jihar ba ta daina ba. Margaret Walker, da ta koyar a kwalejin baƙar fata ta Jackson tun daga 1949, ta fitar da Jubilee a 1966, labarin bauta da ta ji daga bakin kakarta game da mahaifiyar kakar. Natasha Trethewey, wadda aka haifa a Gulfport a 1966 lokacin da auren iyayenta, baƙa da fari, haramun ne a dokar jihar, ta zama mawaƙiyar ƙasa ta Amurka a 2012.

Daga gaɓar tekun kudancin jihar, inda jinin Faransawa da Sifaniyawa da 'yan Afirka ya daɗe da cakuɗuwa, Jesmyn Ward ta fito, 'yar ƙauyen DeLisle, haihuwar 1977. Ita ma ta ƙirƙiri garinta, ta sa masa suna Bois Sauvage. Littafinta na 2011 kwana 12 ne a rayuwar wasu yara marasa uwa da mahaukaciyar guguwar Katrina ta 2005 ke tunkaro su, guguwar da ita kanta ta tsira daga gare ta. Na 2017 tafiya ce a mota zuwa gidan yarin Parchman, gandun da jihar ta buɗe a farkon ƙarni na 20 inda fursunoni, galibinsu baƙar fata, suka yi ta noman auduga ƙarƙashin bindiga, kuma a hanyar dawowa fatalwar wani yaro da ya mutu a dalilin gandun ta shigo motar. Tafiyar iyali, bakuna daban-daban, matattu masu magana: kayan aikin Faulkner ne, ta kuma faɗa da bakinta cewa ta koya daga gare shi, sai dai waɗanda ya bari a ƙofar kicin su ke riƙe da labarin yanzu. Littattafan biyu duk sun ci babbar kyautar littafi ta ƙasa, ita ce mace ta farko da ta ci ta sau biyu a fannin ƙagaggen labari. A tsakaninsu, a 2013, ta rubuta labarin samari 5 na yankinsu da suka mutu cikin shekara 4, har da ƙanenta, wanda wani direba da ya sha ya bugu ya kashe. Ta yi karatu a Stanford da Michigan, tana da hanyar zama duk inda ta ga dama, amma DeLisle ta koma ta yi gida, a can take renon 'ya'yanta.